Ciwon Kunne Bayan Nutso da Tukunyar Iska: Yaushe Ya Dace a Koma Ruwa?

Tambaya: Ni mazaunin Jidda ne, ban daɗe da karɓar takardar shaidar nutso da tukunyar iska ba. Ranar Juma'ar da ta wuce mun fita Bahar Maliya ina fama da 'yar mura. Ina cikin sauka, ban wuce mita 5 ba, kunnena na hagu ya ƙi buɗewa, ya fara zafi. Na toshe hanci na hura da ƙarfi, na daure na bi sauran har mita 18, daga baya zafin ya lafa. Yau kwana uku ke nan kunnen yana mini nauyi, ba na ji da shi sosai, amma babu jiri, babu jini. Na riga na biya kuɗin wata tafiyar nutso nan da kwana 10. Zan iya zuwa?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ka bayyana ya fi kama da raunin da matsin ruwa ke yi wa tsakiyar kunne, wanda shi ne ya fi kowane rauni yawa a tsakanin masu nutso, kuma galibi yana warkewa sarai ba tare da ya bar wata illa ba. Sai dai shawarata ita ce kada ka sake nutsewa, ko da a wurin iyo ne, har sai likita ya haska kunnen ya ga halin da dodon kunnen yake ciki, ya kuma gwada jinka. Kwana 10 ɗin da ka ambata za su iya isa idan raunin ƙarami ne, amma tun da har yau jinka bai dawo ba, na fi zaton akwai ruwa ko jini da ya taru a bayan dodon kunnen, irin wannan kuwa yakan ɗauki fiye da haka kafin jiki ya tsotse shi. Idan ka fahimci abin da ya faru da kai a mita 5 ɗin nan, sauran hukuncin zai zo maka da sauƙi.

A bakin teku iskar da ke kanmu tana danne jiki da wani nauyi da muka saba da shi har ba ma jin sa. Kowace mita 10 da mutum ya sauka a ruwan teku tana ƙara masa kwatankwacin wannan nauyin, wato a mita 10 matsin ya zama ninki biyu, a mita 20 ya zama ninki uku. Tun a shekarar 1662 masanin kimiyya Robert Boyle ya nuna cewa iska tana ƙanƙancewa gwargwadon yadda matsi ya ƙaru a kanta, saboda haka iskar da ke cikin kowane rufaffen gurbi a jikin mutum tana komawa rabin girmanta a mita 10. Canjin ya fi tsanani a kusa da saman ruwa, domin daga sama zuwa mita 10 iska ta rasa rabin girmanta, alhali daga mita 30 zuwa 40 kashi ɗaya cikin biyar kawai take rasawa. Shi ya sa yawancin raunin kunne a mitocin farko yake aukuwa, a daidai inda sabon mai nutso yake ganin bai yi zurfin da zai damu ba.

Tsakiyar kunne ɗan gurbi ne mai iska a bayan dodon kunne, ƙashi ya kewaye shi, kuma hanyarsa ɗaya ce tak: wani siririn bututu mai tsawon kimanin santimita 3 da rabi da ya gangara zuwa bayan hanci, wanda ake kira da sunan Eustachi, likitan Italiya da ya siffanta shi a ƙarni na 16. Bututun a rufe yake zama, sai an haɗiye yawu ko an yi hamma tsokokin ganɗa su ja shi ya buɗe na ɗan lokaci. Idan kana sauka, ruwa yana tura dodon kunne ciki, kai kuma aikinka shi ne ka tura iska ta wannan bututu ta cike giɓin. Idan ka yi jinkirin da bai kai na mita ɗaya ba za ka fara jin nauyi, idan kuwa bambancin matsin ya wuce na mita ɗaya da 'yan kai, bakin bututun mai taushi yakan manne, kamar yadda ledar ruwan sha take mannewa idan an tsotse ta, daga nan duk ƙarfin da ka sa wajen hurawa ba zai buɗe shi ba, sai ma ya ƙara danne shi. Kai kuma mura ta riga ta kumbura fatar cikin bututun ta cika shi da majina tun kafin ka sa ƙafa a ruwa.

Lafawar zafin da ka ji a ƙasa ita ce ta fi yaudarar mutane. Da iska ta kasa shiga, jiki ya cike gurbin ta wata hanya: fatar da ta lulluɓe cikinsa ta kumbura, ruwa ya tsattsafo daga ƙananan jijiyoyin jini, wasu jijiyoyin suka fashe jini ya zuba. Ruwa ba ya ƙanƙancewa kamar iska, don haka da gurbin ya cika, dodon kunne ya daina miƙewa, zafi ya sauka. Wannan ruwan ne yake hana dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa uku da ke bayansa motsi yadda ya kamata, kuma shi ne nauyin da kake ji da raguwar jin da ta same ka. Mutane da yawa suna ɗauka ruwan teku ne ya maƙale musu a ramin kunne, sai su yi ta karkata kai suna tsalle, ko su zura tsinken auduga, alhali ruwan yana bayan dodon kunne inda babu abin da zai kai gare shi daga waje.

Kafin a yi maganar ranar komawa akwai abin da ya wajaba a kawar da shakku a kansa, kuma abin da ya sa na damu da shi a naka lamarin shi ne ƙarfin da ka ce ka sa wajen hurawa. Can bayan tsakiyar kunne akwai kunnen ciki, inda gaɓar ji mai siffar katantanwa take tare da gaɓoɓin da ke riƙe daidaiton jiki, dukkansu cike da ruwa. Tsakaninsu da tsakiyar kunne akwai ƙananan tagogi biyu, ɗaya mai siffar ƙwai wadda ƙaramin ƙashi ya toshe, ɗaya zagayayya wadda siririyar fata ce kawai ta rufe ta. Idan mutum ya toshe hanci ya yi yunƙuri mai ƙarfi alhali bututun a manne yake, iskar ba ta isa tsakiyar kunne, amma matsin cikin kai yana hawa, ya isa ruwan kunnen ciki, ya turo zagayayyar tagar waje a daidai lokacin da tsakiyar kunne ke tsotso ta. Tagar tana iya yagewa ruwan kunnen ciki ya riƙa yoyo, ko kuma wani abu ya yage ko ya yi jini a cikin katantanwar kanta. Wannan rauni ne da zai iya barin mutum da kurumta ta har abada a kunnen da abin ya shafa.

Alamominsa su ne hajijiyar da ba ta wucewa cikin 'yan mintoci, tashin zuciya ko amai, tangaɗi wajen tafiya, ƙara mai ƙarfi a kunne wadda ba ta tsayawa, da raguwar ji mai yawa, musamman idan maganar mutane tana zuwa a cakuɗe ko da sun ɗaga murya. Sau da yawa jirin yana ƙaruwa idan an yi tari ko atishawa ko yunƙuri. Ka ce ba ka da jiri, wannan abin godiya ne, amma bai isa hujja ba, domin raunin kunnen ciki yana iya zuwa da raguwar ji kaɗai. Akwai gwajin da za ka iya yi yanzu a gida: ka rufe baki ka yi sautin "mmm" a hankali, ka saurari ɓangaren da ya fi ƙarfi. Idan ya fi ƙarfi a kunnen hagu mai ciwo, alama ce ta toshewa a tsakiyar kunne, gaɓar jin kanta tana aiki. Idan kuwa sautin ya koma kunnen dama mai lafiya, ka nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro a yau ɗin nan, kada ka bari sai gobe, domin maganin irin wannan kurumtar a kwanakin farko ya fi yin tasiri. Wannan gwajin ba ya maye gurbin na'urar auna ji, yana dai nuna wa mutum ko lamarinsa na gaggawa ne.

Wanda aka tabbatar masa da raunin kunnen ciki, ana sa shi ya kwanta kansa a ɗage, ya guji ɗaukar kaya mai nauyi, da yunƙurin bayan gida, da fyace hanci, da sunkuyawa, da hawa jirgin sama. Tun da sunkuyawa na cikin abubuwan da ake hanawa, ya dace ya tambayi likitansa batun ruku'u da sujada, domin yana iya buƙatar yin salla a zaune na wasu kwanaki. Yawancin likitoci suna ba da maganin rage kumburi na sitiroyid, idan kuma ji ya ci gaba da lalacewa ko hajijiyar ta ƙi tafiya, akan yi tiyata a like tagar da ta yage.

Akwai wata cutar mai kama da wannan a alamomi amma maganinsu ya sha bamban, wato cutar kumfar naitirojin. Yayin nutso jiki yana shan naitirojin daga iskar tukunya, idan aka daɗe a zurfi ko aka hau da sauri sai ta fito kumfa-kumfa a jini da nama, kunnen ciki kuma yana cikin wuraren da take kamawa. Labarin nutson ne yake rarrabe su. Mai raunin matsi yakan tuna cewa kunnensa ya ƙi buɗewa wajen sauka. Mai kumfa kuwa ya sauka lafiya, ya yi zurfi ko ya daɗe, sai bayan ya fito, galibi cikin awa ɗaya ko biyu, hajijiya ta kwashe shi, wani lokaci tare da ciwon gaɓoɓi, ko tabbai a fata, ko mutuwar hannu ko ƙafa. An fi ganin ta ga masu wata 'yar kafa tsakanin ɗakunan zuciya biyu na sama, wadda kusan mutum ɗaya cikin huɗu yake da ita ba tare da ya sani ba. Maganinta oksijin tsantsa nan take da kai mutum ɗakin matsi, wato rufaffen ɗaki da ake ƙara matsin iska a cikinsa don kumfar ta narke, alhali mai yagaggiyar taga ɗakin matsi yana iya ƙara masa rauni. Saboda haka ne duk wanda ya fito daga ruwa da hajijiya ya kamata likitan da ya san harkar nutso ya ji labarinsa, kuma ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso, wadda aka kafa a Jami'ar Duke ta Amurka a 1980, tana da layin gaggawa dare da rana don irin wannan. Labarinka bai yi kama da cutar kumfa ba, amma duk mai shiga ruwa da tukunya ya kamata ya san wannan bambancin.

Sai fashewar dodon kunne. Mai wannan yakan ce zafin ya kai matuƙa sannan ya yanke farat ɗaya, ruwa ya shiga, ya ji duniya tana juyawa na ɗan lokaci har ruwan ya ɗauki ɗumin jiki, wani kuma ya ji ɗanɗanon gishiri a maƙogwaro, ko ya ji iska tana fita ta kunne idan ya hura, ko ya ga jini ko ruwa a matashinsa da safe. Yana iya faruwa a zurfin da bai kai mita 5 ba. Rashin jini a naka kunnen bai kore shi ba, domin ƙaramar ɓula ba ta zubar da jini sosai, ruwan Bahar Maliya kuma mai ɗumi ne, ba lallai ya jawo hajijiyar da ruwan sanyi ke jawowa ba. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake cewa a leƙa kunnen kafin a ɗiga masa komai.

Sauran abubuwan da ke sa kunne ciwo bayan nutso ba su da wuyar ganewa. Ciwon ramin kunne, wanda ƙwayoyin cuta ke haifarwa idan fata ta daɗe a jiƙe, yakan fara da ƙaiƙayi bayan kwana biyu ko uku ana shiga ruwa, kuma alamarsa ita ce zafi idan an ja ganyen kunne ko an danna ɗan guringuntsin da ke gaban ramin. Maganin ɗigawa na mako guda yakan kawar da shi, a koma ruwa bayan zafi da kumburi sun tafi. Wani kuma muƙamuƙinsa ne ya gaji da cizon abin shaƙar iska, zafin ya hau kunne. Hular roba mai matsewa ko abin toshe kunne marar kafa suna iya kulle iska a ramin kunne su jawo nasu raunin, shi ya sa ba a nutso da abin toshe kunne na masu iyo.

Idan ka je wurin likita, zai auna raunin da wani ma'auni da Wallace Teed, likitan sojan ruwan Amurka, ya fito da shi a 1944, wanda aka faɗaɗa daga baya ya zama daga mataki na 0 zuwa na 5. A mataki na 0 mutum yana jin ciwo amma dodon kunnen bai nuna komai ba. A na 1 ya yi ja, a na 2 ya yi ja da ɗigon jini kaɗan a jikinsa, a na 3 jinin ya yi yawa a cikin fatar dodon kunnen kanta, a na 4 jini ya taru a tsakiyar kunne har dodon kunnen ya yi duhu ya kumburo, a na 5 kuwa ya fashe. Ban da haskawa, yana da kyau a yi maka gwaji biyu: na auna ji, da na auna motsin dodon kunne, wanda ke nuna ko akwai ruwa a bayansa. Ka gaya wa likitan zurfin da ciwon ya fara, da yadda ka hura, da murar da kake da ita, domin ba kowane likita ne ya saba da masu nutso ba, kuma labarin yana da nauyi daidai da abin da fitila za ta nuna.

Tsawon hutu yana bin matakin raunin. Mai mataki na 0 ko na 1 yakan warke cikin 'yan kwanaki zuwa mako guda. Na 2 da na 3 sukan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. Idan ruwa ko jini ya cika tsakiyar kunne, jiki yana iya ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin ya tsotse shi gaba ɗaya. Ɓular dodon kunne mafi yawanta tana haɗewa da kanta cikin 'yan makonni, amma sabuwar fatar ba ta da ƙarfin tsohuwar, don haka akan ƙara lokaci bayan ta haɗe, jimillar hutun ya kai daga mako shida zuwa wata uku, kuma likita ne zai tabbatar ta rufe. Idan ta wuce wata uku ba ta rufe ba, akan yi maganar yi mata faci, ba a kuma nutso da ɓulallen dodon kunne ko kaɗan. Raunin kunnen ciki kuwa maganar watanni ce. A da ana hana mai shi nutso har abada. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1993 ya bi sawun masu nutso 20 da suka koma ruwa bayan irin wannan raunin, ba a ga jinsu ya ƙara lalacewa ba, kuma wannan ya sa wasu likitoci suka sassauta, suna barin wanda jinsa ya tsaya wuri ɗaya, daidaiton jikinsa ya dawo, kuma kunnensa yana buɗewa ba wuya. A nawa ganin, wanda ya rasa ji mai yawa a kunne ɗaya ya yi dogon tunani kafin ya kai ɗayan cikin haɗari.

Waɗannan makonnin kimantawa ce kawai. Abin da ke ba da izinin komawa sharuɗɗa ne, kuma sai sun cika gaba ɗaya: zafi da nauyi sun tafi, ji ya dawo daidai da na ɗaya kunnen, babu jiri babu ƙara, mura ta warke hanci ya buɗe, likita ya ga dodon kunnen lafiyayye babu ruwa a bayansa, sannan kana iya buɗe kunnuwan biyu a tudu da hurawa mai sauƙi, ka ji sun amsa kusan tare. Idan sharaɗi ɗaya ya rage, ba a koma ba, ko da an yi wata guda. Dalili kuwa shi ne kumburarren bututu ya fi saurin mannewa a karo na biyu, mai shi kuma zai ƙara ƙarfin hurawa don kada tafiyarsa ta lalace, ta haka ne ƙaramin raunin tsakiyar kunne yake zama babban raunin kunnen ciki.

A kwanakin nan, kada ka sa komai a kunnen. Mun saba a gida idan kunne ya yi ciwo a ɗiga man zaitun ko man habbatus sauda ko ruwan albasa, a sosa da gashin kaza ko tsinken ashana. Babu ɗayansu da zai isa inda ruwan yake idan dodon kunnen a rufe yake, idan kuwa a ɓule yake, za su kai ƙazanta tsakiyar kunne. Haka ma maganin ɗigawa na kemis: masu ɗauke da jentamaisin ko niyomaisin suna iya cutar da kunnen ciki idan suka bi ta ɓula, masu ɗauke da barasa ko ruwan tsami da ake amfani da su don busar da ramin kunne kuma suna da zafi ƙwarai a kan ɓula. Idan ana buƙatar na ɗigawa ga mai ɓula, likitoci sun fi zaɓar sifrofuloksasin ko ofuloksasin. Don zafi, farasitamol ya isa, ko ibufurofen ga wanda ba shi da gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Maganin fesawa a hanci irin oksimetazolin yana taimakawa wajen buɗe bakin bututun, amma kada ya wuce kwana uku zuwa biyar, domin bayan haka hanci yakan ƙara toshewa da zarar an daina. Ƙwayar sudo'efedirin ba ta dace da mai hawan jini ko ciwon zuciya ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba a buƙatarsa a yawancin irin wannan raunin, sai idan an ga mugunya ko zazzaɓi ko zafin ya dawo yana bugawa.

Kada ka yi ta gwada kunnen da hurawa don ka ga ko ya buɗe. Haɗiyar yawu da hamma da tauna cingam sun wadatar a yanzu. Wajen alwala ka shaƙi ruwa a hankali, ka fyace ba da ƙarfi ba, kafa ɗaya bayan ɗaya. Wajen wanka, har sai an tabbatar babu ɓula, ka sa 'yar auduga da aka shafa wa man Vaseline a bakin ramin kunnen, ka cire ta da ka gama. Idan ka fara jin ƙas-ƙas a kunnen lokacin haɗiya, alama ce mai kyau, iska ce ta fara samun hanya.

Batun jirgin sama yana da fuska biyu. Ta fuskar naitirojin, ƙa'idar da aka fi bi ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, kai kuma ka riga ka wuce wannan. Hawa tudu mai tsayi a mota ma yana cikin wannan ƙa'idar, kuma ya shafe ku mazauna Jidda, domin Ɗa'ifa tana sama da mita 1,800 daga matakin teku, bai dace mutum ya fito daga ruwa da rana ya kama hanyarta da yamma ba. Ta fuskar kunne kuwa, matsin cikin jirgi yana iya komawa kamar na tudu mai mita 2,400, kuma lokacin saukar jirgin ne kunnen da bai warke ba yake shan wahala, don haka idan tafiyar ba ta dole ba ce a ɗaga ta har kunnen ya fara buɗewa.

Ranar da za ka koma, ka fara da wurin iyo ko wuri marar zurfi, kuma ka canza yadda kake sauka. Ka buɗe kunne tun kana saman ruwa, ka sake kowace rabin mita zuwa mita ɗaya a mitocin farko, tun kafin ka ji nauyi. Ka sauka ƙafafu a ƙasa kai a sama, domin bututun ya fi buɗewa a haka, ka riƙe igiya don ka mallaki saurinka. Idan kunne ya ƙi, ka hau mita ɗaya ka sake gwadawa, idan ya ƙi sau biyu ko uku ka yi wa abokin nutsonka alama ku fita. Hanyar da aka fi koya wa sababbi, ta toshe hanci a hura, wadda ke ɗauke da sunan Valsalva, likitan Italiya da ya bayyana ta a 1704, ita ce ta fi haɗari idan aka yi ta da ƙarfi, don haka hurawar ta zama mai laushi, kada ta wuce daƙiƙa biyu zuwa uku. Akwai ta Toynbee, wato a toshe hanci a haɗiye yawu, wadda ke sa tsokoki su ja bututun da kansu. Wadda na fi so mai nutso ya koya ita ce ta Frenzel, da wani likitan Jamus ya koya wa matuƙan jiragen yaƙi a 1938: a toshe hanci, a rufe maƙogwaro, a tura bayan harshe sama kamar za a furta harafin "k". Da ita ƙirji da ciki ba sa yunƙuri, saboda haka matsin cikin kai ba ya hawa. Tana buƙatar 'yan kwanaki na gwaji a gaban madubi, bayan kunnen ya warke.

Za ka ji wasu tsofaffin hannu suna cewa a fesa maganin hanci kafin a shiga ruwa, mura ba za ta hana komai ba. Ban yarda da wannan ga mai mura ba. Maganin yana iya buɗe hanya wajen sauka, ƙarfinsa ya ƙare kana ƙasa, bututun ya sake kumbura, wajen hawa kuma iskar da ke tsakiyar kunne ta faɗaɗa ta rasa mafita. Sauka ana iya fasa ta, hawa kuwa dole ne tun da iskar tukunya tana ƙarewa. Idan kunne ɗaya ya saki iska ɗayan ya riƙe, mutum yakan ji hajijiya a tsakiyar ruwa, abin da likitan Suwidin Claes Lundgren ya bayyana a 1965. Wanda haka ta same shi ya tsaya, ya riƙe igiya ko abokinsa, ya ɗan koma ƙasa kaɗan, ya haɗiye yawu yana motsa muƙamuƙi, sannan ya hau a hankali, kada ya toshe hanci ya hura, domin ƙara iska zai yi a inda ta riga ta yi yawa.

Idan bayan ka warke, ba ka da mura, kunnen hagun ya ci gaba da yi maka gardama a kowane nutso, sai a duba hancin da kyau. Karkacewar ƙashin tsakiyar hanci, tsiron cikin hanci, borin jini da ƙura ko sanyin na'ura ke tayarwa, da shan taba ko shisha, duk suna kumbura bakin bututun, kuma mafi yawansu suna da magani.

Game da tafiyar da ka biya wa kuɗi, ka ga likita cikin kwana ɗaya ko biyu, ka nemi ya sake duba ka kwana biyu kafin ranar tafiyar. Idan a dubawa ta biyu akwai sauran ruwa a bayan dodon kunnen, ko jinka bai dawo daidai ba, ka nemi masu jirgin ruwan da zai kai ku wurin nutson su ɗaga maka zuwa wani lokaci, takardar likita takan taimaka wajen hakan. Idan ɗagawar ba ta yiwu ba, kana iya bin su ka zauna a jirgi, kuma muddin an tabbatar dodon kunnen bai ɓule ba, kana iya yin iyo a saman ruwa da gilashin fuska da bututun numfashi, bisa sharaɗin ba za ka dulmiya kai ka bi kifi ƙasa ba, ko da mita biyu ne.